Mai Kilishi a Garin da Ba Rana

Ko tsuntsu bai farka ba muka idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Glenwood a Greensboro, ni da surukina, wato uban mijin 'yata. Alhaji ne mutumin Madawa ta Nijar, mun daɗe muna sallah a sahu ɗaya muna gardama a ƙofar masallaci. 'Yata ta fari ce ta haihu, can wani ɗan gari a bakin teku a jihar Oregon, inda mijinta yake aikin asibiti. Hajiyata ta riga ta tafi jego, mu kuma suna za mu.

Ku da kuka san ni kun san a aji uku ni da boko muka rabu, kowa bai yi kewar kowa ba. Abin da na iya a duniya kilishi ne, tun daga Gusau har bayan gidana a Greensboro. Tun da yarinyar nan ta sami ciki take kirana tana cewa, "Baba, kilishinka nake kwaɗayi." Na yi mata alkawari ranar suna za ta ci shi da ɗuminsa. Hajiya ta ce in yi shi a gida in ƙunso, tunda ƙarshen Maris ne, rana ta buɗe, itatuwa sun yi fure. Na ce Allah ya kiyaye, kilishin da ya kwana a akwati na 'yan tsaraba ne. Ban da haka ma, so nake in yi shi a kan idon Alhaji, don kullum cewa yake mu 'yan Najeriya kwali muke shafa wa yaji mu kira shi kilishi.

A filin jirgi aka fara. Wuƙaƙena suna cikin babban akwati, babu matsala, amma na riƙe tunkuza da garin kayan ƙamshi a jakar hannu, don ban yarda da masu jifa da kaya ba. Aka tsayar da ni, wata mata mai safar hannu ta buɗe leda ta shinshina. Citta da masoro da barkonon Zamfara suka gaishe ta. Ta yi atishawa har sai da hularta ta karkace, sannan ta ce in wuce. Alhaji kuwa ya matsa can gefe yana duba waya, wai bai san ni ba.

Mun canza jirgi a wani babban birni, inda na tambayi kuɗin shayi na ji abin da zai sayi kaza, na haƙura da ruwan famfo. Kafin mu sauka Portland jirgin ya shiga rawa kamar akwala a hanyar ƙauye. Na leƙa taga ban ga ƙasa ba, sai hadari baƙi ƙirin. Duk da haka ban damu ba. A lissafina Maris watan zafi ne, watan da nama ke bushewa kafin ka gama alwala. Ko an yi ruwa, ai kwana ɗaya ne.

Mijin 'yata ya zo ɗaukarmu. Muka biya shagon wani Basomale na zaɓi cinyar sa mai kyau, marar kitse, kuɗinta ya sa na yi salati. Daga nan muka kama hanyar teku. Jama'a, tsakanin Portland da teku duwatsu ne, hanya tana murɗewa a cikinsu kamar hanjin rago. Itatuwa dogaye har ba ka ganin kansu, kowanne ya yi gansakuka tun daga gindi, kore shar. Da ina da hankali a nan zan gane, garin da itace ma bai bushe ba, ina batun nama. A can saman dutse ruwan ya koma ƙanƙara, muka gangaro ya koma ruwa, iska tana ture motar kamar tana bin mu da gaba. Manyan motocin katako suna wuce mu suna watsa mana taɓo.

Na ce wa yaron, "Kai, ba kai ka ce mini gari lafiya lau ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai yau da sauƙi ne."

Garin nasu yana maƙale ne tsakanin dutse da teku, kamar an matse shi ya rasa inda zai gudu. Ko'ina ƙarnin kifi. Abincinsu wani farin romo ne mai kauri da naman kumba a ciki, na ɗanɗana na ce koko ne da ya yi hatsari. Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan: a bakin teku muka ga motoci sun yi layi, mutane a ciki riƙe da kofin gahawa, suna kallon igiyar ruwa tana dukan duwatsu tana tashi sama ta fi bene. Na ɗauka wani ne ya nutse. Yaron ya ce a'a, 'yan yawon buɗe ido ne, daga nesa suke zuwa su kama ɗakin otal don su kalli hadari. Kun ji fa. Mu a garinmu in hadari ya taso uwa tana kwashe 'ya'yanta tana addu'a, nan kuwa biya ake yi a zo a gani.

Na ga jikana, na yi masa addu'a, na ce ya zo ya ƙwace mini mata amma ya sani ni na fara biyan sadaki. Maijego tana kwance ta rame, abin da ta fara tambaya bayan gaisuwa shi ne, "Baba, ka zo da kayan?" Na bugi ƙirji.

Washegari na zauna na feɗe naman nan siriri, har kana hango hasken fitila ta cikinsa. Alhaji ya ɗaga guda ya duba, ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, hannun dai akwai shi." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce. Sai shanya. Na buɗe ƙofar baya, iska ta fizge hulata ta kai ta gidan maƙwabta. Ruwan garin nan ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake zuwa, a kwance, kamar mari. Na mayar da naman gareji na shimfiɗa a kan ragar waya, na kunna fanka. Na wayi gari na taɓa shi, yana nan yadda na bar shi, har ma kamar ya ƙara jiƙa.

'Yata ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci yadda suka saba, in sa shi a obin, wato akwatin gashi na lantarki, a rage wuta, haka kowa yake yi a nan. Na ce ni? Kilishin obin? Abin da babana bai yi ba, kakana bai yi ba? Na ce rana za ta fito, Allah bai halicci gari ba rana ba.

Ta kuwa fito, ana jibi suna, wajen hantsi. Na yi kabbara, na kwashi raga da gudu kamar ba ni ke ciwon gwiwa ba, na jera a bayan gida. Na shiga in dama labu, wato kunun tunkuza da yaji da ake tsoma naman a ciki. Ban gama ba na ji ihu a waje. Wasu fararen tsuntsayen teku ne, kowanne ya kai zakara, ba kunya ba tsoron Allah, sun sauka kamar an aika musu goron gayyata. Shirwar garinmu ɗaya take ɗauka ta gudu. Waɗannan tsayawa suke suna kallonka suna haɗiya. Na bi su da tsintsiyar mota ina zaginsu da Zamfaranci, Alhaji yana bakin taga yana ɗaukata a waya. Kafin in gama korarsu gari ya rufe, ƙanƙara ta sauko kamar tsakuwa. Ranar da na yi ta jira ko shayi ba ta tsaya ta sha ba.

Da la'asar na sauke girman kai na ce wa Hajiya a kunna obin ɗin. Wallahi ina rufe baki wuta ta ɗauke. Iska ta kayar da itace a kan wayar wuta a can kan dutse, gari duka ya mutu. Na bar Najeriya na tsallako teku, ashe ɗauke wuta tana nan tana jirana a ƙarshen Amurka. Ba obin, ba fanka, firji ya yi shiru.

Ana gobe suna Hajiya ta shigo gareji ta shinshina naman ta ce, "Malam, in ka ƙara masa yini ɗaya ko tsuntsayen ba za su karɓa ba. Kawo." Ta ɗora tukunya a ɗan murhun gas na maƙwabta, ta dafa shi da kayan ƙamshina, ta fito da ƙaramin turmin da ta zo da shi a akwati, ta miƙo mini taɓarya. Ni, da furfurata, na zauna ina dakan dambun nama. Alhaji ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Daka da kyau, Malam. A Madawa ma mata ne ke yi, amma ba su kai ka ƙarfi ba."

An yi suna lafiya, rago ya faɗi a wata gona, wuta ta dawo. Baƙi kaɗan ne, abokan aikin yaron da maƙwabta. Turawan suka ci dambu suna santi suna tambaya ko shi ne abin da aka ce na shahara da shi. Na ce shi ne mana. Alhaji ya buɗe baki, na take masa ƙafa.

Amma akwai wadda ba a take wa ƙafa. Na kai wa maijego nata har ɗaki. Ta ci loma biyu, ta yi murmushi ta ce, "Ya yi daɗi, Baba." Sannan ta ce, "Na yi ta jin ƙamshin gashin kilishinka a hancina tun ina asibiti." Ta ci gaba da ci don kada in ji kunya. Duk ba'ar Alhaji ba ta yi mini ciwon wannan ba.

Da ruwa muka zo, da ruwa muka bar garin. Muna sauka Greensboro rana ta doke ni a ƙeya, tas, ba ko gajimare, 'yan jami'a suna yawo a kan keke da gajeren wando. Na tsaya a ƙofar gida na harare ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ban da cewa kada ka yarda da mijin 'yarka in ya ce gari lafiya, shi ne na gane matsayina. Shekara da shekaru ana cewa kilishin wane, kilishin wane, ina ɗaga kafaɗa. Ashe sana'ar ta rana ce, ni yaron shagonta ne mai riƙe wuƙa. Ranar da uwar ɗakina ba ta fito aiki ba, ko alkawarin 'yata ban iya cikawa ba.