Adireshin Alhajin Japan

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana tura alhazai a keken guragu tsakanin Safa da Marwa. Aikin yana da al'adarsa. In alhaji ya ji daɗin turinka, sai ya rubuta maka sunansa da garinsu a 'yar takarda, wai ko wata rana. Baba ba ya karanta boko, amma bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Gwangwanin alewa gare shi a gidanmu na unguwar Misfala a Makka, cike da rubutun Turkawa da Indiyawa da mutanen Kano.

Ina yaro ya tura wani tsoho a lokacin Umara, jagoran ayarinsu ya ce mutumin Japan ne. Sun yi sahu bakwai ba wanda ya ce da wani uffan, don babu harshen da ya haɗa su. Da suka gama, tsohon ya ciro takarda mai kauri da wani alƙalami mai bakin gashi, ya zana alamomi huɗu daga sama zuwa ƙasa, ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Sai da Baba ya dawo gida yana naɗe keken ya ga agogon hannu maƙale a gefen kujerar.

Tsintuwar Makka ba irin ta ko'ina ba ce. Abin da malamai suka karantar da Baba shi ne ba ta zama ta wanda ya tsinta, komai daɗewa, sai dai cigiya. Akwai ofishin ajiyar kayan da suka ɓata, amma a lokacin takardar zamansa ta mutu, kuma mai irin wannan takarda ba ya kai kansa gaban tebur. Ya kwana uku yana zagaya masaukai, aka ce ayarin ya wuce Madina. Sai ya naɗe agogon a ƙyalle, ya haɗa da takardar, ya ce ai da sauƙi tunda ga adireshi.

Ga adireshi, babu mai karantawa. Ya nuna wa wani mai kantin magani, ya nuna wa wani malamin makaranta, kowa ya juya takardar sama da ƙasa ya mayar masa. Daga baya wani maƙwabci ya ja kunnensa cewa takarda mai irin wannan zane ana iya ɗaukarta sihiri, kuma a garin nan ba a wasa da wannan zargi. Daga ranar Baba ya daina nunawa. Ni kuwa abin bai dame ni ba. Sau ɗaya na ce ya ara mini agogon zan je ɗaurin auren abokina, kallon da ya yi mini ya ishe ni amsa.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi a ƙarshe. Wata rana bayan la'asar ya kira ni, gwangwanin na kan cinyarsa.

"Kai, ta'al, zo nan. Kayan mutane ne wannan. Ba na so in tafi da shi a wuya."

"Baba, ai ƙila mai shi ma ya daɗe da rasuwa."

"Ba shi da magada ne? Ka nemo mai karanta mini adireshin nan, ka aika, kalas."

A otal ɗin da nake aiki akwai wani ɗan Indonesiya da ya taɓa zama a Japan yana aikin kifi. Na kai masa takardar. Yana dubawa ya yi murmushi, ya ce wannan ba suna ba ne, ba gari ba ne, karin magana ne. Ya ce Japanawa suna da irinsu birjik, kowanne alama huɗu cif, ba ƙari ba ragi. Suna zana su a rataye a bango, ko a ba wanda aka ji daɗin hulɗa da shi. Ya kawo mini misali: akwai mai cewa mutum goma launi goma, wato kowa da halinsa, akwai mai cewa faɗuwa bakwai tashi takwas. Namu kuma ana karanta shi icigo icie, ma'anarsa haɗuwa ɗaya a rayuwa ɗaya. Wanda ka haɗu da shi yau ka kyautata masa, don ba za ku sake haɗuwa ba.

Gaskiya na ji haushin tsohon nan. Mutum yana jiran sunan unguwa, ka ba shi hikima. Na kwana biyu da maganar a cikina. Har na shirya in ce wa Baba na aika, kowa ya huta. Abin da ya hana ni shi ne na san zai tambayi sunan garin, kuma zai riƙa tambaya ko sun amsa.

Da na gaya masa, ya sa na maimaita ma'anar sau biyu.

"Ashe sallama ya yi mini," in ji shi. "Ni kuma ina ta jiran sa."

Ya buɗe ƙyallen, ya duba agogon, ya mayar.

"Tayyib. Kai takardar zamanka lafiya lau take, ka kai agogon ofishin ajiyar nan. Amma ka gaya musu ban taɓa ɗaura shi a hannuna ba, ko sau ɗaya. Ka ji ko? Ka faɗa musu haka."

Washegari na kai. Ma'aikacin ya tambaye ni yaushe aka tsince shi, na ce shekara ashirin da wani abu ke nan. Ya ɗago ya dube ni, ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, ya rubuta. Sannan na isar da saƙon Baba kamar yadda ya ba ni. Mutumin ya bi takardarsa da ido daga sama har ƙasa, ya ce babu gurbin rubuta wannan.