Fasinjan da Ke Cikin Wasan Laminu

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba ji na yi a bakin wani ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa komai ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Maraɗi ina gyaran salula da ordinatar, wato kwamfuta, ina kuma zuba wa mutane wasannin bidiyo a kile, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta. Ni kaɗai nake wuni a shagon, ni kaɗai nake komawa ɗakin haya, don abokan da muka tashi tare duk sun watse, wasu Yamai, wasu Agadas, wasu ma ba a san inda suka faɗa ba.

Wanda ya rage mani a kusa shi ne Laminu, mutumin Tsibiri, tare muka yi lise, wato sakandare. Allah ya ba Laminu kai, sai dai ba shi da yawan magana. Shi ne ya ƙudurta sai ya ƙera wasan bidiyo na garinmu, inda kai ne ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, ka ɗauki fasinja daga kasuwa ka kai Tsibiri ko Jiratawa kana kauce wa ramuka da amalanke. Da ya sa ɗan guntunsa a intanet, kai, mutane kamar su yi hauka, har daga ƙasashen waje ana tambaya yaushe zai fito. Ya ce bayan salla. Sallar ta wuce, wata ta zo ta wuce, haka har shekara tara, mutane suka yi ta yi masa ba'a har suka gaji suka manta da shi. Yakan kira ni ya ce, "Ka zo ka gwada mani, na gyara hanyar gulbi." Ni kuma in ce sati mai zuwa. Tsibiri fa ba nisa, amma Allah ya gani na yi shekara biyu ban taka ba. Rannan kawai aka kira ni aka ce zazzaɓin kwana uku ya yi, ya rasu.

Bayan sadakar arba'in yayarsa, Yaya Rabi, da ke aure a Jiratawa, ta aiko na je. Ta turo mani wani kwali, a ciki diski bakwai, kowanne da lamba da rubutun hannunsa. Ta ce, "Mu ba mu san kan abin nan ba. Kai ne abokinshi, ka yi yadda ka gani."

Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne wasan ne a wani mataki na aikin, na ɗaya duk zane-zane ne, na bakwai kuwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa katanga. Ga kasuwa, ga masallatai, ga gonakin hatsi, amma babu mutum ko ɗaya, ko akuya babu. Laminu bai kai ga sa mutane ba. Ƙarar moto kawai da iska, ka yi ta yawo cikin Maraɗi kamar kowa ya yi ƙaura ya bar ka.

To akwai wasu mutane da sha'awarsu ke nan, tara wasannin da ba su taɓa fitowa ba. Da na sa sanarwa sai ga su. Sharaɗinsu ɗaya, diskin asali suke so, kada in riƙe kwafi. Ban shawarci kowa ba, na soma sayarwa.

Na ɗaya wani malamin makaranta ne a Yamai ya saya. Bayan sati ya kira ni. "Malam, wane ne mutumin nan da ke zaune gindin itacen bedi a Tsibiri?" Na ce babu mutum a wasan. Ya turo mani hoto, ga shi nan kuwa, farar riga, ya ba da baya. Na ce wataƙila ni ne ban lura ba. Na biyu ya tafi Ikko, shi ma mai shi ya rubuto, wai akwai wani tsaye bakin hanya a fitar Tsibiri, in ka tsaya da moto ba ya hawa, ba ya juyowa. Wata mata a Faransa da ta sayi na uku ta gan shi a tsakiyar hanya, ya doshi Maraɗi. Su murna suke, sun ɗauka wani sirri ne Laminu ya ɓoye, suka yi ta rububin sauran. Ni kuwa gabana ya soma faɗuwa, don kowane diski ya bar hannuna mutumin sai ya ƙara matsowa. Amma ban daina ba, gaskiya ita ce ban daina ba.

Wanda ya sayi na shida ya ce ya gan shi a shigar unguwar Zariya. A Zariya shagona yake, kuma sai bayan rasuwar Laminu na koma can, marigayin bai taɓa sanin wurin ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, rana tsaka, layi shiru, na ce bari in duba na bakwai kafin in aika. Na hau moto cikin wasan na shiga Zariya, na karya kwanar layinmu, sai ga shagona. Innalillahi! Shuɗiyar ƙofata, tsagar da ke jikin bango, har allon da na sa aka rubuta mani watan da ya wuce. Ga bencin ƙofar shago, ga mai farar riga zaune a gefe guda ya bar wurin mutum ɗaya. Na danna maɓallin ɗaukar fasinja. Bai juyo ba, sai rubutu ya fito a ƙasa: "Ka zo ke nan."

Ban san lokacin da na fizge wayar wuta daga bango na yi waje ba. Benci babu kowa. Sai maƙwabcina Malam Idi tela ya ɗago kai daga kekensa ya ce, "Baƙon naka ya tafi? Tun da aka sauko masallaci shina nan zaune, na yi mashi sallama sau biyu bai amsa ba."

Na zauna a ƙasa, ba tsoro kaɗai ba, kuka ne ya zo mani irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Washegari na kai diskin Jiratawa na gaya wa Yaya Rabi komai. Ta daɗe tana share hawaye da bakin zane, sannan ta ce, "Ni dai ba za ya kwana gidana ba. Ka riƙe, amma don Allah kada ka saida." Muka yi masa sadaka, na wuce Tsibiri na tsaya a kabarinsa na yi addu'a.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan wata biyu malamin nan na Yamai ya sake kirana, wai mai farar riga ya ɓace daga diskin kowa, amma shi a nasa, wanda duk zane-zane ne, yanzu mutum biyu yake gani daga nesa a kan moto ɗaya, na bayan da farar riga, sun nufi Tsibiri, ya bi su ya bi su ya kasa cim musu. Ya ce ko in turo maka hoton? Na ce a'a, kuma har yau ban nema ba.

Ni ban san mene ne ba, ban kuma sami wanda ya bayyana mani ba. Abin da zan ce maku kawai, in mamaci ya bar aikin da bai ƙarasa ba, kada ku yi gaggawar rarraba shi ga baƙi. Ku yi masa addu'a, ku bar masa abinsa wuri ɗaya.