Birinya Mai Suna da Masarar Ɗankaza

Ƙarfe biyar da minti goma na yammacin wata Alhamis, cikin damina, muna zaune a falon yayana a Sabon Garin Wudil. Mu huɗu ne: Yaya, Inna mahaifiyarmu, Kawu ƙanenta wanda mahauci ne, da ni. A shekarun da kuɗin fetur ya sauko wa ma'aikata ne. Yaya akawu ne, ya sayi talabijin mara kala yana haɗa ta da batirin mota. Ni manomi ne. Na zo in shaida masa birai sun fara shiga masarar gandunmu ta Ɗankaza, kuma na shirya da wani mafarauci mai karnuka zai zo Asabar. Tun rasuwar Baba ba a yanke komai a gonar sai da izinin Yaya. Ya ce in bari a gama fim.

Fim ɗin namun daji ne. Da farko aka nuna wata birinya da ɗanta a ƙirji. Baturen da ke bayani ya raɗa mata suna, babu rago babu goro. Yaya na fassara mana, yana kiran sunan kamar na wata gwaggonmu. Sai aka saki wani kiɗa siriri mai kama da goge, aka matso da idonta har ya cika gilashin. Daga nan damisa ta fito, kiɗan ya koma na tashin hankali, ta ɗauke ɗan.

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Allah sarki, baiwar Allah. Ɗa guda."

Na ce, "Inna, damisar ma tana da 'ya'ya. Ba a dai raɗa mata suna ba ne."

Ba wanda ya kula ni. Da na kawo maganar mafarauci, Yaya ya dube ni kamar ni ne damisar.

"Kai ba ka ga idonta ba? Karnuka! Wayewa ta zo ƙasa, kai kana nan a zamanin dutse."

"Yaya, na ga idonta. Na kuma ga masarar."

Hukuncinsa shi ne a kafa mutum-mutumi. Ya ba ni tsohuwar kwat ɗinsa ta ofis don a sa masa. Na kafa Asabar. Litinin na tarar da wani ƙaton biri zaune a kafaɗar kwat ɗin yana ɓare masara, daga sama ma ya fi hango wadda ta nuna. Ni kaɗai nake kora da gwangwani da jifa. In na kori na gabas, na yamma su shiga.

Bayan mako uku gidan talabijin ya maimaita fim ɗin, don ba su da yawansu. Ranar maɓallin murya ya lalace, sai hoto kawai. Babu goge, babu Bature, babu suna. Mu huɗun nan dai muke zaune, ni kuwa ina lura da su.

Birinya ta fito, Inna ta ce, "Ji ɓarauniya, irin masu cin gona." Damisa ta fito, Kawu ya gyara zama. "Wannan ta rame, dubi haƙarƙarinta. Kamo ɗan birin mana! Yauwa!" Inna ta ce Allah sarki, ga dukkan alama damisar shayarwa take yi.

Na bari aka gama, sannan na ce, "Fim ɗin ranar nan ne fa. Wannan ce gwaggon taku."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yaya ya tashi yana taɓa maɓallin da ya san ya lalace. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce in kira mafaraucin.

Na kira shi. Ya zo da karnukansa suka zaga gona suka sha iska, don birai sun riga sun gama sun koma. Abin da na girbe, jaki guda ne ya ɗauko shi, kuma da sassarfa ya iso gida. Shekarar nan hatsin kasuwa muka ci tun kafin sanyi ya wuce.

Ban hana kowa tausayin dabba ba, halittar Allah ce. Amma mai karatu, ina roƙonka abu ɗaya. Ranar da za a nuna maka dabba a talabijin har ka ji ƙwalla, ka tashi ka kashe muryar, ka sake dubanta, sannan ka yanke hukunci a kan gonar wani.