Ƙarfen da Kakanmu Ya Binne a Gona

Wata Asabar ce a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye ƙasar Tudun Fulani ta yi laushi. Ni da yayana Sani muka bi kakarmu, wadda kowa ke kira Iya, zuwa gonarta da ke bayan unguwa. Ita tana gaba da fartanya a kafaɗa, mu muna baya muna jan mayen ƙarfenmu a ƙasa da igiya. Daga cikin sifikar wata matacciyar rediyo Sani ya ciro shi, kuma a lokacin duk yaron da ba shi da irinsa ba a lissafa shi cikin yara. Da mun gama shara da ɗiban ruwa sai mu bi kwararo da bakin shagon walda da filin makaranta muna ja, ƙusoshi da murafan kwalba da allurai suna mannewa. Mu tara a gwangwani, mu kai wa 'yan gwangwan su ba mu alewa. Sani ya sha alwashin wata rana zai jawo zinari, har yau dai muna jira.

A kusurwar gonar, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, igiyar ta ƙi tafiya. Sani ya ja, na taya shi, mayen ya kafe a jikin wani baƙin abu da ya ɗan leƙo. Murna ta kama mu, muka durƙusa za mu tona da hannu, sai muka ji muryar Iya a kanmu: "Ku ɗaga hannunku! Abin da ke sama faɗuwa ya yi, abin da ke ƙasa ajiye shi aka yi." Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Kakanmu ma'aikacin reluwe ne, kuma da aka ba shi gonar bai yarda da turken itace ba don gara za ta ci, bai yarda da dutse ba don mai son zuciya zai mirgina shi. Sai ya samo guntayen tsohon ƙarfen dogo ya binne a kowace kusurwa, a gaban maƙwabcinsa Baba Shaba, wani Bagware manomin doya. Babu takarda, babu sa hannu. Ƙarfen nan shi ne shaidar iyaka.

Daga baya na gane ashe al'ada ce tsakaninsu. Duk shekara kafin a yi kunyar doya, Iya da Baba Shaba su kan haɗu a kusurwar, a ɗan tona har ƙarfen ya bayyana, kowa ya gani da idonsa, a mayar da ƙasa a take da ƙafa. Baba Shaba ya yi dariya ya ce da Hausarsa, "Iya, mijinka yana nan, bai motsa ba." Su rabu lafiya, ya aiko mana da sabuwar doya, ita ta aika masa da daddawa. Tun daga ranar Iya ta kafa mana doka. Ba mu shiga gonar kowa da maye sai mun nemi izini. Maƙabarta ko kusa da ita ba ma zuwa. In mun tsinci mabuɗi ko ɗan kunne sai an yi cigiya gida-gida. Ramin da muka tona kuwa, ko na wasa ne, sai mun cike shi, don akuya ba ta san wasa ba.

To, abin da ya sa na tuno duk wannan, kuma raina ke tafasa ina rubutawa, shi ne samarinmu na yanzu sun samu na'urar neman ƙarfe, mai sanda da faifai a ƙasa, tana ƙara in ta ji ƙarfe ko yana can ƙarƙashi. Ban ƙi abin ba, wallahi. Sha'awa ce mai kyau, ta fi zaman majalisa ana gulma. Amma a ba mutum kunnen da ke jin cikin ƙasa, a bar shi babu mai gaya masa abin da ya halatta ya taɓa? Bara ɗan Sani, Mubarak, saurayi mai gemu har da digiri, ya ɗauki tasa da abokansa suka shiga gonar Iya, wadda ta zama ta mahaifiyarmu bayan rasuwarta. Ba su tambayi kowa ba, wai ai gonar gida ce. Na'ura ta yi kuka, suka haƙa, suka ciro ƙarafan nan kaf, suka ɗaga su sama ana ɗaukar hoto a waya ana cewa an gano kayan tarihi. Ramukan ma haka suka bar su baki buɗe, ruwa ya zo ya shafe wurin.

Baba Shaba ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun sayar da gonarsu ga wani mai gine-gine. Da mutumin ya tashi jan katanga sai ya shigo cikin tamu sosai, ya haɗiye gefen da mahaifiyarmu ke shuka kuɓewa da yakuwa. Ta ce kada a yi hayaniya, a kira mai unguwa, ita tana da shaida. Ta tafi da sandarta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta nuna wuri da cikakken tabbaci ta ce a tona. Aka tona babu komai. Ta matsa gaba ta ce nan ne, aka tona, jar ƙasa kawai. Ina tsaye ina kallon yadda mutane suka fara duban juna, ana tausaya mata kamar wadda tsufa ya rikita. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, don gaskiyarta ce aka mayar ƙarya a gaban jama'a.

Don haka duk mai son fara wannan sha'awa ya saurare ni. Kafin ka kunna na'ura, nemi mai wurin, ko da kakarka ce, ka tambaye shi me ke ƙasan nan. In abu ya yi zurfi kuma yana zaune daram a kusurwa, bar shi ka je ka yi tambaya. Na'ura za ta gaya maka akwai ƙarfe, ba za ta gaya maka dalilin zamansa ba. A da ƙarfinmu bai wuce abin da ke saman ƙasa ba, ga kuma tsofaffi a kanmu suna tsawatarwa. Yanzu ido ya kai ƙarƙashi, tsofaffin kuma ba a tambayarsu.

Da labari ya kai wa Mubarak, sai ga shi da buhu a bayan babur, yana gumi. Ya sauke a gaban mahaifiyarmu ya ce, "Hajiya, ga su nan duka, wallahi ko ɗaya ban sayar ba." Ihu bayan hari ke nan. Ta daɗe tana duban ƙarafan, ta sa hannu ta shafa tsatsar ɗaya, sannan ta ce masa a hankali, "To, a ina za ka mayar da su?" Katanga tana nan inda aka gina ta, ƙarafan kuma suna jingine a bayan ɗakin girki, ba sa yi wa kowa shaidar komai.