Manhajar da Na Saka wa Umma

Shekarar da aka tura autanmu aikin soja can Arewa maso Gabas, ni ina aiki a wani ɗan ofis kusa da Ƙofar Mazugal, muna haɗa manhajar waya. Tamu ta rage wa mutane manne wa waya ce. In ka daɗe kana kallo, sai hasken wayar ya fara dusashewa, wata murya ta ce ka ɗan huta. Muryata muka ɗauka, saboda waɗanda ba sa karanta boko.

A wayar mahaifiyata na fara gwada ta. Tun tafiyar auta, Umma ta daina shiga maƙwabta, ita da a da babu suna ko biki a unguwarmu Madabo da za a yi ba ta leƙa ba. Sai dai ta shimfiɗa tabarma a gindin rijiya, ta kafa tabarau, tana bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Duk na hari ne, da motocin da aka ƙone, da sojoji a kwance. Takan tsayar da hoto, ta buɗa shi da yatsu biyu, tana duba fuskoki. Jininta ya hau, likita ya ce ta rage kallon nan.

Kwanakin farko ta yi dariya da ta ji muryata a ciki. Na je ofis na ce abu ya yi.

Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ita riƙe da wayar, hasken ya dusashe, tana gogewa da bakin mayafinta kamar datti ne ya rufe shi.

"Zo ka cire min abin nan naka," in ji ta.

"Umma, ai kira zai shigo ko da ta rufe. Na tsara hakan."

"Yaushe rabon da auta ya kira? Inda suke babu sabis. Ina cikin duba wani yaro mai irin tsayinsa, sai ka ce in huta."

Na ce yawancin bidiyon nan tsofaffi ne, wasu ma ba a ƙasar nan aka ɗauka ba.

"Wanne ne tsoho, wanne ne sabo? Nuna min."

Na karɓi wayar na duba. Wallahi ban iya bambancewa ba. Wani kwance a gefen titi, an rufe masa fuska da hula, ni kaina sai da na buɗa hoton da yatsuna.

Na koma ofis na gwada dabaru. Na ƙara mata lokaci. Na sa manhajar ta riƙa kunna karatun Alƙur'ani maimakon muryata. Takan saurara har ayar ta ƙare, ta shafa, ta koma inda ta tsaya. Daga baya ta fara aron wayar matar yayana. Da na ga haka, na cire manhajar daga wayarta.

Auta ya kira bayan ƙaramar Sallah, ya ce lafiya ƙalau, layin ya katse. Ranar Umma ta ci tuwo sosai. Washegari da hantsi na fito zan tafi aiki, tana kan tabarma da tabarau, wayar na hannunta. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na wuce zaure, na tura babur ɗina waje.