Jirgin Iskandariyya Bai Jira Mai Sallah Ba

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu, ni da aminina a bayan ɗan acaɓa, shi a tsakiya don kada ya zame. Ciwon idonsa ne ya ɗaga mu zuwa Masar. Mutumin da a da yake hango akuya a gonar gyaɗarsa tun daga bakin gari, ya koma sai ya ji muryarka yake gane ka. Likita a Kano ya ce jijiyar idon ce, in aka yi sanya shi ke nan. A wannan marra da kwanon gero ke gagarar magidanci, ya sayar da shanun huɗarsa, dangi suka yi karo-karo. Ni aka ɗora wa rakiya, wai na taɓa zuwa Legas, na san gari.

Daga Ɗambatta muka shiga bas zuwa Kano, jirgin sama ya sauke mu Alƙahira. Wani ɗan Minjibir mai harkar atamfa a can ya ba mu masauki. Washegari ya yankar mana tikitin jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, inda likitan zai gan mu da la'asar, ya kai mu tasha ya zaunar da mu ya koma shagonsa.

Jama'a, tashar nan ta ba ni tsoro. Kasuwar Ɗambatta ranar da take ci ba ta kama ƙafarta ba wajen cika. Larabcin da na kwaso a makarantar allo kuwa ko ruwa bai saya mana ba, sai nuni da yatsa. Mun ci gurasa da dafaffen wake, ba laifi, amma da na juya kuɗin shayi zuwa naira sai da ya tsaya min a maƙogwaro.

Da jirgi ya fita daga gari na zama idon abokina. Na ce masa ƙasa kore shar, ga ruwa a kwata yana bin kowace gona, ba tsakiyar damina ba ba komai ba. Na ce ga wata mata can tana jan ɓauna da igiya kamar tunkiya. Ya ce in ji tsoron Allah, don na ga ba ya gani shi ne zan riƙa shara masa ƙarya. Muka yi ta dariya har na kusa da mu suna kallonmu.

Azahar ta same mu a wani gari da ake kira Tanta. Jirgi ya tsaya, mutane suna ta sauka. To mu a gida mota in ta tsaya lokacin sallah, sauka ake yi. Ko direba ya yi gigin ja, fasinja za su buga masa mota su ce saura mutum. Muna da alwala, raka'a biyu ce, sai na kama hannunsa muka sauka. Na tsayar da shi ya fuskanci gabas. Nan na tuna jakarmu tana ciki, da fasfo da takardun asibiti da wayarsa.

"Malam, ka tayar, bari in ɗauko jaka. Kada ka motsa daga nan."

Ina ɗaga jakar na ji ƙasa ta motsa. Ta taga na gan shi ya yi ruku'u, yana yin baya, yana ƙanƙancewa. Innalillahi. Na ruga ƙofa ina dukan bangon jirgi ina ihun a tsaya, saura mutum. Wa zai ji? Direban ma ban san a ina yake ba. Na yunƙura zan dira, wani ƙaton mutum ya damƙe min wuyan riga ya fizgo ni. Allah ya saka masa, amma a lokacin har zaginsa na yi da Hausa. Wallahi na yi kuka, da gemuna da komai. Makaho a ƙasar da ba ya jin ko "zo", ba waya, ba takarda, ba sisi a aljihu. Me zan je in ce wa iyalinsa?

Mutumin nan ne ya sauka da ni a tasha ta gaba, ya sa ni a jirgin da ke komawa. Kafin in iso Tanta la'asar ta yi, ganin likita ya wuce. Ina dira na hango shi. Yana nan daidai inda na bar shi, a tsaye cikin rana, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Wani mai sayar da alewa ya kawo masa kujera da ruwa, yana nuna min da hannu cewa sun yi sun yi ya shiga inuwa ya ƙi.

Na riƙe shi. Ya shafa fuskata ya ce, "Ai ka ce kada in motsa. In na matsa ina za ka same ni?"

Likita ya sake ba mu wata rana, masauki ya cinye ɗan guzurin da ya rage, muka koma gurasa da ruwa. An yi aiki. Idon dama ya buɗe, na hagu an ce an makara tun daga gida. Na so in yarda da hakan, har yau dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Tafiyar nan ta koya min cewa jirgin ƙasa bai san saura mutum ba, kuma baƙo ko yana da ido makaho ne, gara ya yi tambaya kafin ya taka. Da muka iso gida mutane suka cika zaure ana barka. Mahaifiyarsa ta aiko a kira ni cikin gida, ta kama hannuna biyu tana sa min albarka. Ta ce ɗanta ya faɗa mata tun da muka tafi har muka dawo ban taɓa sakin hannunsa ba. Na dube shi, ya dube ni da idon nan ɗaya, ya girgiza min kai a hankali. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Amin, Inna."