Malam Abdurrahman da Sujadar da Bai Bayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk za mu koma, wasu daga kan tabarma, wasu daga bakin hanya. Ranar Talata, takwas ga watan Oktoba 2024, bayan la'asar, 'yan bindiga suka kashe Malam Abdurrahman Tanko, malamin Arabiyya a nan Madarunfa, muna kan hanyar dawowa daga kasuwar ƙauye. Ba labari aka ba ni ba, ina wurin. Ni ne Ɗan Baba, dillalin bisashe, wanda ya yi lakwal kaɗan, wato makarantar boko, kafin kasuwa ta ɗauke shi. Ban saba rubutu ba, amma akwai maganar da in ban ajiye ta ba, masu zaman shayi za su sake mata kama.

Malam Abdurrahman, sana'armu ba ɗaya ba ce, amma kayan aikinmu ɗaya ne, wato baki. Ni in na ɗauki kalma hura ta nake yi, har tunkiya mai tari ta zama abin kai wa suruki. Kai kuwa auna ta kake yi, ka ajiye ta inda ta dace. Na tuna ranar da ka tarar da ni ina zuba wa wani Alhaji kirari, ina cewa ni bawansa ne, ba ni da kowa bayan shi. Ba ka tozarta ni a gabansa ba. Sai da ya tafi ka ja hannun rigata, ka ce: "Ɗan Baba, ka ce kai baranshi ne, ka ce ranshi ya daɗe, ka tuɓe takalmi in ka so. Wannan duk ladabi ne. Amma 'ba ni da kowa bayan kai' tana da mai ita, kuma ba ya sayen raguna." Na yi dariya, na kuma daina.

Haka kake da kalmomin nan. Kakan ce girmamawa ta na gaba ce, biyayya ta iyaye da shugaba, ƙauna ta kowa ce har da doki. Bauta kuwa, ka ce Bahaushe ya shimfiɗa ta da faɗi: mace ta ce tana bautar aure, ma'aikaci ya ce yana bauta wa ƙasa, nufinsu wahala da hidima, ba wanda zai kama su da laifi. Amma ibada, da sujadar da ke cikinta, nan ka ja layi. Ka ce ba goshi ne kawai ke yin ta ba, zuciya ce ke fara sauka, goshi ya biyo baya.

Wanda ya fi kowa ja da kai a kan wannan shi ne Malam Rabi'u, limamin ƙaramin masallacin da ke bayan tasha, mutum mai hadda da zafin rai. A wurinsa duk wanda ya je ziyara kaburburan waliyyai na bakin tabki bauta ya je yi, duk wanda ya durƙusa wa tsoho ya kusa shirka. Kai kuma ka ce a raba: wanda ya je ya yi wa mamaci addu'a ziyara ya yi, wanda ya je roƙon mamaci shi ne ya ƙetare. Ya taɓa kama sunanka a lasifika. Da matarsa ta haihu, kai ne ka fara aika damin gero.

Ranar da abin ya faru, mota ɗaya ta kwaso mu, ni da kai da Rabi'u da sauran 'yan kasuwa, awaki a sama. Dawa ba a girbe ta ba tukuna, ta rufe hanya hagu da dama. Daga cikinta 'yan bindigar suka fito. Direba Shamsu bai gama taka birki ba suka harbe shi a wuya, motar ta gangara ta tsaya cikin kara. Suka fizgo mu ɗaya bayan ɗaya, da gindin bindiga da bayan adda. Wani dattijo da ya yi nawar sauka suka karya masa hannu, muna jin ƙarar ƙashin. Suka kwashe wayoyi da abin da ke aljihu, suka sauke awakin. Na ɗauka an gama.

Babbansu bai gama ba. Saurayi ne, rawani ya rufe masa baki, idanunsa jawur. Ya hau kan buhu ya zauna, ya ce a jera mu a gabansa. Ya ce: "Yau cikin dajin nan ba ku da ubangiji sai ni. Kowa ya sa goshi ƙasa, ya yi mini sujada."

Mutane suka fara zubewa. Rabi'u ya tsaya ƙyam, yana karanta kalmar shahada da ƙarfi. Suka sare shi da adda a kafaɗa, bai sauka ba. Ɗaya ya cusa masa bakin bindiga cikin kunne, ya dubi babban yana jiran izini. Duk wanda ke wurin ya san ran Rabi'u ya zo bakin ƙofa.

Sai muka ji muryarka, Malam, irin wadda kake karantarwa da ita, ba rawa ba gaggawa. Ka ce: "Rabi'u, sauka ƙasa. Wagga ba sujada ba ce. Sujada sai da niyya, sai da yarda. Goshin da bindiga ta kai ƙasa faɗuwa ya yi. Allah ya yi rangwame ga wanda aka tilasta, in dai zuciyarshi tana nan daram. Ka san ayar, ka fi ni hadda. Kana da jinjiri a gida. Sauka, na ɗauka a wuyana."

Mutumin da bai taɓa karɓar fatawarka ba ko sau ɗaya ya dube ka, jini na bin hannunsa, ya sauka. Ni ma goshina yana ƙasa, ina kallo ta ƙarƙashin hammata.

Amma babban ya ji abin da ka faɗa, ya kuma gane shi. Ya sauko daga buhun. Ya ce: "Tsoho, mi ka ce? Wato duk wanga da suka yi mini banza ne?" Ka faɗa masa gaskiya, ka ce tsoro ne, ba ibada ba. Ya ce: "To kai da ka san ta gaske, yi mini ta gasken. Ka yi niyya da ƙarfi in ji."

Ka ce: "Zan durƙusa maka, ɗana. Zan ce ranka ya daɗe. Rigata ma ka ɗauka. Wadda kake nema ba tawa ba ce balle in ba ka."

Da gindin bindiga ya fara, a goshi, har fatar ta tsage jini ya rufe maka ido. Biyu suka riƙe hannuwanka ta baya, suka danna ka, shi kuma ya ɗora takalminsa a ƙeyarka ya murza fuskarka cikin ƙasa. Da ya ɗaga ƙafa ka tofar da yashi da haƙori, ka ce: "Ka gani? Wannan ma faɗuwa ce." Ya harbe ka a ƙirji, ya sake, ya sake. Daga nan kamar abin ya fita daga ransa. Suka hau baburansu, suka kora awakin, suka bar mu. Kafin jandarmomi su iso ka cika, kanka a cinyar Rabi'u.

Na yi ta juya abin. Ƙofar da ka buɗe mana, kai ma a buɗe take gare ka, kuma ka fi mu sanin haka. Ni mai neman mafita ne tun ina yaro, da ni ne da na bi ta. Ban san dalilinka ba, ba kuma zan ƙirƙira maka ba. Na dai san tunda fushinsa ya koma kanka, ba wanda ya sake waiwayar Rabi'u.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Ba a gama zaman makoki ba, wasu da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba sai ta bikin salla suka fara cewa limamin bayan tasha ya yi wa ɗan ta'adda sujada, ba a bin shi salla. Rabi'u ya ji, ya kulle kansa a ɗaki da rauninsa, masallaci ya zama sai wanda ya ga dama ya shige gaba. To ga shaidata, ni da nake wurin: ba wanda ya yi wa kowa sujada a wannan hanya. Malamin da ya fi mu sanin kalmar ya yanke hukunci, ya kuma mutu a kansa. Mai ja, ya je ya tsaya inda Malam ya tsaya.

Maganata ba ita ta fito da Rabi'u ba. Hasiya ce, mai ɗakinka, daga cikin takaba ta aika masa cewa mijinta bai bar ta da marayu don liman ya kwanta a ɗaki ba. Da magariba ya fito, kafaɗa a ɗaure, ya shiga gaba. Karatunsa bai yi tsawo ba. Da ya kai goshi ƙasa a raka'ar farko sai ya daɗe, ya daɗe ƙwarai, muna jin numfashinsa yana sarƙewa. Sahu ya cika har waje, ba wanda ya yi gyaran murya. Muka jira shi har ya ɗago.

Allah ya jiƙanka, Malam Abdurrahman. Allah ya karɓi shahadarka, ya sa jinin goshinka ya zama haske a kabarinka, ya haɗa ka da waɗanda suka yi masa sujada shi kaɗai. Allah ya jiƙan Shamsu direba, ya ba masu rauni lafiya. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Hasiya, da ɗiyarka Sakina da ƙannenta, da ɗalibanka, da duk mutanen Madarunfa. Allah ya ba su haƙuri, ya raya abin da ka bari. Waɗanda suka yi wannan aiki kuwa, mun bar su da Wanda suka nemi ƙwace wa haƙƙi. Allah ya kyautata namu ƙarshen, amin.